Zuwa gwajin okestira da ƙaho mai hanya uku: dabara ce ko maguɗi?

Ɗalibin Busa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai da yayyena masu busa ƙahon okestira, wanda ake jingina wa Faransa, ina roƙon a warware mini wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Idan okestira a Turai ko Amurka ta buɗe gurbin ƙaho na ɗaya ko na uku, abin da za a busa a gwajin ɗaukar aiki kusan sananne ne. Akwai konshato, wato kiɗan da mai kayan kiɗa ɗaya ke jagoranta okestira na mara masa baya, na Mozart ko na farko na Richard Strauss, sai guntayen wurare masu wuya: wurin ƙaho a konshaton fiyano na Ravel, Quoniam na Bach, simfoni na 31 na Haydn, na bakwai na Beethoven, na biyar na Shostakovich, buɗewar Till Eulenspiegel na Strauss, da doguwar waƙar ƙaho a simfoni na biyar na Tchaikovsky. To, wani ya zo da ƙaho mai hanya biyu irin wanda kowa ya sani, wato mai bututu biyu masu tsayi daban da ake sauyawa tsakaninsu da babban yatsa. Wani ya zo da mai hanya uku. Wani kuma ya rungumo guda biyu, idan an zo wurin da sauti ya hau sama sai ya ajiye babban ya ɗauki diskant, wato gajeren ƙaho da aka ƙera don sautukan sama.

Shin wannan adalci ne ga wanda ƙaho ɗaya kaɗai ya mallaka? Kuma tunda alƙalai suna bayan labule, ba su ga abin da mutum ya riƙe ba, ta yaya ake cewa an kayar da wane saboda irin ƙahonsa? Idan an halatta zuwa da biyu, yaya ake sauyawa ba tare da an tona wa kai asiri ba?

Mai Gyaran Ƙaho ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin maganar adalci, a fara sanin abin da ƙarfen yake yi wa mabushi, don mutane da yawa sun ɗauka gajeren ƙaho shi ke hawa sama da kansa. Ba ya hawa. Leɓe ne ke kaɗawa, kuma saurin kaɗawar da C na sama ke bukata ɗaya ne ko da wane ƙaho ka riƙe: kimanin sau 698 a daƙiƙa, wanda kunne ke ji a matsayin F, tunda rubutun ƙaho yana gaba da ainihin sautinsa. Abin da tsawon bututu ke canjawa shi ne tazarar da ke tsakanin sautin da kake nema da maƙwabtansa.

Kowane bututun busa yana da matakalarsa, kamar yadda kakaki ke ba da 'yan sautukansa ba tare da wani bawul ba, wato abin da ake dannawa da yatsa don ƙara wa bututu tsawo. Hanyar F tana da tsawon kimanin mita 3.7, kuma matakanta suna hawa da sau 44 sau 44. C na sama a kanta shi ne mataki na 16, kuma na 15 da na 17 suna manne da shi, tazarar rabin taki kawai, wato kamar maɓalli da na kusa da shi a fiyano. Leɓe ya ɗan karkace kaɗan, ka faɗa kan maƙwabci. A hanyar B♭, mai kimanin mita 2.7, wannan sautin shi ne mataki na 12, tazara kuwa sau 58. A hanyar F ta sama, wadda rabin ta farko ce, kimanin mita 1.85, mataki na 8 ne, tazara sau 87, wato taki guda cur ta sama, fiye da haka kaɗan ta ƙasa. Wurin da za ka sauka ya ninka faɗi. Iyakar ribar ke nan, amma ba ƙarama ba ce a wurin Ravel, inda ake so ka kai C na sama a hankali da sanyin murya, ko a Beethoven na bakwai, inda ƙahonin A ke kai mai riƙe da ƙahon F har B na sama da ƙarfi.

Mai hanya biyu, F da B♭, kamfanin Kruspe na Erfurt a Jamus ne ya fito da shi a 1897. Diskant yawanci B♭ ne da F ta sama, babu doguwar F. Mai hanya uku ya haɗa duka, kuma kamfanin Paxman na Landan ne ya yi fice da shi a shekarun 1960. Engelbert Schmid a Jamus yana ƙera wani da E♭ ta sama a madadin F ta sama.

Sai dai riba ba ta zuwa kyauta. Amon gajeren bututu siriri ne, yana dosar na begila, kuma mai kunne zai ji wurin da ka ƙetara daga B♭ zuwa can idan ba ka goge gaɓar ba. A diskant, sautukan ƙasa ne ke shan wahala. Dubi ƙarshen buɗewar Till: C, G, da C na ƙasa. A doguwar F duka ukun a buɗe suke, ba ka taɓa bawul ko ɗaya ba. A B♭ biyun ƙarshe sai da bawul na ɗaya da na uku tare, haɗin da ke fitowa sama da daidai, domin an yanka kowane bawul ne gwargwadon aikinsa shi kaɗai. Ga kuma toshe baki da hannu: a hanyar F sauti yana tashi rabin taki daidai, sai ka gyara da yatsa. A B♭ yana tashi kusan kashi uku cikin huɗu na taki, abin da yatsa ba ya gyarawa, shi ya sa ake ƙara wa diskant bawul na musamman don toshewa.

Mai hanya uku kuwa, matsalarsa a ƙira take. Bututun baki ɗaya ne zai yi wa tsayi uku hidima, kuma dole bawul ɗin rarraba iska ya zo kusa da baki don gajeriyar hanya ta samu wuri. Saboda haka a wanda ba a ƙera da kyau ba, doguwar F ce ke fitowa a shaƙe. Bututun zare na bawul, wato lanƙwasassun bututun da ake ja ko turawa don daidaita sauti, tara ne maimakon shida, kowanne yana tara ruwan numfashi, kowanne sai an daidaita shi. Babban yatsa yana da maɓalli biyu da zai kula da su maimakon ɗaya. Nauyi ma ya ƙaru, kuma hannun hagu ne ke ɗauke da shi.

A ganina babu maguɗi a nan. Kayan aiki ne, kowanne da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa.

Malamar Kiɗa ta amsa:

Malam ya gama da ƙarfe. Ni zan taɓa tambayarka ta biyu, ɗana, domin a nan gizo ke saƙar.

An kawo labule ne don a ɓoye mutum. Okestirar Boston ta fara gwada shi a 1952, sauran manyan okestirorin Amurka suka bi a shekarun 1970 da 1980, bayan koke-koken cewa madugu, wato mai jagorantar okestira, yana ɗaukar ɗaliban abokansa, mata da baƙaƙen fata kuwa ba sa samun shiga. Ana jefa ƙuri'a kowa ya ɗauki lamba, a shimfiɗa darduma daga ƙofa zuwa kujera don kada takun takalmi ya nuna mace ce ko namiji, kuma ba a yarda mai gwaji ya yi magana ba sai dai ya raɗa wa jami'in da ke zaune a ɓangarensa. Claudia Goldin da Cecilia Rouse sun wallafa bincike a 2000 da ya ce labule ya ƙara wa mata damar tsallakewa. Daga baya wasu masana lissafi sun ce alƙaluman binciken ba su kai ƙarfin da aka ɗora musu ba, kuma ya kamata a san da haka. Amma abin da ya sami Abbie Conant ba ya bukatar lissafi: ta ci zagayen farko na gwajin tirambon, wani kayan busa na ƙarfe, a Munich a 1980 daga bayan labule, ta samu aikin, sannan madugu Sergiu Celibidache ya sa aka mayar da ita kujera ta biyu, aka shafe shekaru ana shari'a. Julie Landsman kuma ta ci gurbin ƙaho na ɗaya a Metropolitan Opera ta Niyok a 1985, a gwajin da ba a ɗage labule ba ko a zagayen ƙarshe.

To amma labule fuska yake rufewa, ba ya rufe amo. Kwamitin gwajin ƙaho cike yake da mabusa ƙaho, kuma kafin ka gama layin farko na Mozart sun riga sun ji makarantar da ka fito. Ƙahon Amurka mai suna Conn 8D, wanda aka fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1930 bisa samfurin Kruspe na mabushi Anton Horner, farin ƙarfe ne, gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya, mai faɗin maƙogwaro. Amonsa mai duhu ne da faɗi, kuma ya daɗe yana mulki a Niyok da Filadelfiya da Cleveland da ɗakunan naɗar kiɗan fim na Los Angeles. Shikago ta bi wata hanya: tagulla rawaya, maƙogwaro matsakaici, irin ƙirar Carl Geyer, mai amo tsararre da farkon sauti a fili. A Jamus Alexander 103 na Mainz, wanda aka yi wa rajistar ƙira a 1909, shi ne ƙahon gida, kuma da shi aka san sashen ƙaho na okestirar Balin. Mai 8D da ya je gwaji a gidan masu 103, ko bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba, za a iya rubuta masa “ba zai saje da mu ba”, kuma mai rubutawar bai yi ƙarya ba. Ƙahoni huɗu ko takwas suna busa amo ɗaya ne, kuma wanda ya fita daban ana jin sa.

Biyana, babban birnin Ostiriya, ita ce ta fi kowa fitowa fili. Can ƙahon Biyana ake busawa: hanya ɗaya tak ta F, bututu mai ƙunci da bai kai milimita 11 ba alhali na sauran yana kusa da 12, da bawul mai fistin biyu na tsohon yayi. C na sama a kansa mataki na 16 ne, babu wata gajeriyar hanyar gudu. Sun zaɓi haɗarin ne saboda santsin haɗa sauti da launin amon. Wanda ke son kujera a can ya san tun daga gida cewa sai ya koyi wannan ƙahon. Ni wannan ban kira shi zalunci ba. Sharaɗi ne mai tsauri, amma kowa ya san da shi kafin ya sayi tikiti.

Zaluncin shi ne sharaɗin da ba a faɗa ba. Mutum ya yi wata uku yana shiri, ya biya jirgi da masauki daga aljihunsa, ya yi minti biyar ko bakwai a bayan labule, a ce “mun gode”, alhali tun kafin ya zo kwamiti ya san ba zai ɗauki mai irin amonsa ba. Idan okestira tana da irin ƙahon da take so, ta rubuta a sanarwa. Idan kuma ba ta damu ba matuƙar wanda ya ci zai sauya daga baya, ta rubuta wannan ma, kuma ta faɗa wa alƙalanta su saurari kiɗa da daidaiton sauti da lokaci, su bar launi zuwa zagayen ƙarshe.

Game da diskant, tarihi ba ya goyon bayan masu kiran sa maguɗi. Lokacin da bawul ya fito a shekarun 1810 an yi masa irin wannan kallon, har Brahms ya rubuta kiɗansa na mutum uku na 1865 don ƙaho marar bawul. Hanyar B♭ ma an daɗe ana raina ta a Ingila, sai ga shahararren mabushinsu Dennis Brain ya ajiye tsohon ƙahonsa na Faransa ya koma Alexander mai B♭ a farkon shekarun 1950. Philip Myers ya riƙe kujerar ƙaho na ɗaya a New York Philharmonic, gidan 8D, ya koma mai hanya uku na Schmid. Kuma Quoniam da Haydn na 31 ba don babban ƙahon zamani aka rubuta su ba. Amo mai sauƙi da haske ya fi kusa da abin da marubutan suka ji.

Ɗalibin Busa ya sake rubutawa:

Na gode, Malam, na gode, Malama. Na fahimci cewa ba haramun ba ne. Amma zuciyata ba ta kwanta ba kan maganar kuɗi. Idan mutum biyu ƙwarewarsu ɗaya, ɗaya yana sauka a tazarar 87 ɗayan a ta 58, kuma tuntuɓe ɗaya yana iya fitar da mutum a zagayen farko, ai aljihu ne ya raba gardama.

Ƙaho na Huɗu ya amsa:

Yaro, maganarka tana kan hanya, kuma a nan na ɗan saɓa wa Malama. Sabon mai hanya uku daga maƙeri na kirki ya haura dala dubu goma, kuma ba a sayen sa a matsayin ƙahon farko. Ƙari ne a kan mai hanya biyu da ka riga ka saya. Ɗalibin da ya fito daga ƙasar da kuɗinta ba shi da ƙarfi, ko gidan da ba shi da hali, ba zai same shi ba sai aro, kuma ƙahon aro na mako biyu ya fi cutarwa da amfani. Sai an yi watanni kafin babban yatsa ya daina laluben maɓalli, kafin kunne ya san wane sauti ne ke fitowa sama a gajeriyar hanya. Saboda haka bambancin gaskiya ne, kuma labule bai taɓa shi ba.

Amma a duba inda laifin yake. Ba a ƙarfen yake ba, a yadda ake sauraro yake. Idan masu gwaji tamanin ko ɗari suka zo gurbi ɗaya, kwamiti ya gaji, sai ya koma ƙirga tuntuɓe domin shi ne abu mafi sauƙin ƙirgawa. Da zarar an mayar da gwaji gasar rashin kuskure, an ba gajeren ƙaho nasara tun kafin a fara. Kwamitin da ya san aikinsa yana da magani a hannunsa. Ya jera guntayen yadda kowane ƙaho zai nuna rauninsa: a bi Ravel da Tchaikovsky na biyar, ko da buɗewar Ein Heldenleben na Strauss da ke tasowa daga can ƙasa, a ji ko amon yana da jiki. Idan mutum ya fasa sauti ɗaya amma jimlarsa tana da rai, a ce ya maimaita. Mai iyawa zai gyara a karo na biyu, wanda sa'a ta kawo kuwa ba zai gyara ba. A kuma nemi a sake busa wuri da sauyi, a hankali fiye da haka ko da sauri, domin aikin yau da gobe ke nan a gaban madugu.

Shostakovich kansa ya san wahalar. A simfoninsa na biyar, wurin da ƙaho ke bin sarewa zuwa sama, an rubuta a takarda cewa idan mabushi ba zai iya yin sa a hankali ba ya sauko da shi ƙasa da zango guda, wato sautukan nan dai amma da rabin saurin kaɗawa. A gwaji ba wanda zai sauko, amma wannan rubutun yana nuna cewa sanyin muryar ake nema, ba tsayin kawai ba. Diskant da ya kai sautin amma ya fito da kaifi bai biya bukata ba.

Inda nake da tsauri shi ne nan: ƙahon da ka ci gwaji da shi, shi ne za ka zauna da shi a aiki. Wanda ya busa jerin gaba ɗaya a gajeriyar hanya don tsoron kuskure, ya ci, sannan aka zaunar da shi kusa da na biyu ana neman amo mai kauri na Brahms ko Bruckner, zai sha wuya, sashen ma zai sha. Shi ya sa zagayen da ake busawa tare da sauran sashe yake da muhimmanci, kamar wurin ƙahoni uku a simfoni na uku na Beethoven. Ingila tana kiran waɗanda suka yi fice su zo su yi aiki na ɗan lokaci kafin a yanke hukunci, Jamus kuma tana da shekarar gwaji. Illar waɗannan ita ce labule ya riga ya faɗi, son kai na iya dawowa ta taga. Duk da haka ban ga wata hanyar gane sajewa ba sai an zauna tare.

Masu neman kujera ta biyu ko ta huɗu kuwa, ku cire wannan damuwar daga ranku. Jerinku konshaton Mozart na uku ne, da Bagatelle na Hermann Neuling a Jamus, da buɗewar Fidelio na Beethoven, da wurin ƙaho na huɗu a simfoni na tara na Beethoven, da wurin ƙasa mai ƙarfi a Shostakovich na biyar. Doguwar F mai buɗaɗɗen numfashi kuke bukata, kuma mai hanya biyu na kirki ya fi ba ku ita.

Mai Gyaran Ƙaho ya ƙara da cewa:

Saura tambayar sauyawa. Idan za ka shiga da ƙaho biyu, babban abokin gabarka sanyi ne. Ƙahon da ya yi minti biyar a ajiye ya huce, iskar cikinsa ta yi sanyi, sauti zai fito ƙasa da daidai, kuma numfashinka na farko zai zama raɓa a bangon bututu. Saboda haka ka ɗumama duka biyun a ɗakin jira, ka zubar da ruwa daga kowane bututun zare kafin a kira lambarka, kuma idan ka ɗauki na biyun ka hura masa iska mai ɗumi ba tare da sauti ba na daƙiƙa goma zuwa ashirin, kana danna bawul duka don iskar ta ratsa ko'ina. Ka shigo da tawul ka shimfiɗa a kujerar gefe. Ƙarar ƙarfe a kan katako tana ratsa labule, haka ma ƙarar bawul da ya bushe, don haka a sa mai tun daren da ya gabaci gwajin, a duba zaren bawul ko ya fara cinyewa.

Kada ka sauya abin da leɓe ke taɓawa. Ka yi amfani da mazurarin leɓe, wato abin da ake ɗora wa leɓe a busa, mai gefen da ake kwancewa, gefe iri ɗaya a duka biyun, ko da ramin na diskant ya fi ƙanƙanta. Ka duba ƙafar mazurarin ma: ƙirar Amurka da ta Turai ba ɗaya ba ce, kuma wadda ba ta dace ba tana girgiɗi ko ta nutse fiye da kima, sai sautukan sama su rikice a ɗora wa ƙaho laifi.

Sai daidaitawa. Amurka da Ingila galibi A 440 suke bi ko kusa da haka, wato sautin A yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, Jamus da Ostiriya 442 zuwa 443. Daga 440 zuwa 443 kusan kashi 0.7 cikin ɗari ne. A doguwar F wannan na nufin rage kimanin santimita 2.5 na bututu, wato tura bututun zare santimita 1.25 tunda lanƙwasa biyu ce. A B♭ kimanin milimita 9, a F ta sama kimanin milimita 6. Ka ga ke nan idan ka tura babban bututun zare kaɗai, ka gyara hanya ɗaya ka ɓata biyu. Kowace hanya a daidaita ta daban, a sa alama da fensir, a yi makonni ana busawa a haka.

Wani abu da ake mantawa: babban bakin ƙaho baya yake kallo, ta dama. Abin da alƙalai ke ji shi ne abin da ya dawo daga bayanka. Idan bango mai tauri ne kusa, amo zai yi kaifi, kuma diskant ya fi shan wannan. Idan labule mai kauri ne, zai shanye farkon sauti, 8D ya fito a dushe. Kana zama ka waiga. Idan an yarda, ka ɗan juya kujera. Wannan ma haƙƙin kwamiti ne: kujera ɗaya, wuri ɗaya, ga kowa, daga lamba ta farko har ta ƙarshe.

Shirun sauyawa kuwa ba ya ɓoyuwa. Mabusa ne ke saurare, za su gane. Abin da kake iyawa shi ne ka rage shi: ka haɗa guntayen da za ka yi da diskant a ranka tun da aka ba ka jerin zagayen, ka yi atisayen ajiyewa da ɗauka kamar yadda kake atisayen kiɗan. Idan guntu ɗaya ne kawai a zagayen ke bukatarsa, sau da yawa zama a kan ƙaho ɗaya ya fi.

Malamar Kiɗa ta rufe da cewa:

Baba na Huɗu, ban ƙi maganarka ta kuɗi ba, na karɓa. Abin da zan ƙara wa ɗalibinmu shi ne ya yi tambaya kafin ya biya kuɗin tafiya. Ka rubuta wa jami'in ma'aikata na okestirar, ba wani ɗan kwamiti ba, don kada ka ɓata sirrin lambarka. Ka tambaye shi ko an yarda da diskant ko mai hanya uku, ko an yarda a shiga da ƙaho biyu, a kan wane A za a daidaita fiyano, har zagaye na nawa labule zai tsaya, da ko akwai zagayen busawa tare da sashe. Amsar da aka ba ka ya kamata a aika wa duk masu gwaji, kuma kana da damar neman a yi hakan.

Idan mai hanya biyu kaɗai gare ka, ka zuba ƙarfinka inda yake da rinjaye. Ka naɗi kanka daga nesa, mita goma ko fiye, a babban ɗaki, ba daga kusa da bakin ƙaho ba. Ka gwada yatsu na madadi a B♭ don sautukan sama, domin A da B♭ na sama sukan zauna da kyau da wani haɗin a wani ƙahon su ƙi a wani. Ka riƙa busa Ravel da Shostakovich a ƙarshen atisaye, lokacin da leɓe ya gaji, sau ɗaya tak ba maimaici, bayan ka yi shiru na minti biyu da ƙahon a cinya, domin a haka za su same ka ranar gwaji.